Daga Karofin Kura Zuwa Kangon Sharaɗa

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau yana da ɗan tsawo. Mai sauri ya ajiye shi sai dare.

Makon jiya na je gida Kura ɗaurin aure. Da aka watse sai wani ƙanena ya ja ni muka leƙa Kwanar Gafan, wai yana so ya ga yadda kasuwar tumatir take kafin ya sa a yi masa ɗiba. Kwanduna ne jere har inda ido ya tsaya, manyan motoci 'yan kaɗan, dillalai suna taya kaya kamar masu yi wa manomi alfarma. A hanyar dawowa duk inda ka waiga an yanka tumatir an shanya a ƙasa, jawur, ƙura tana hawa kansa. Bayan kwana biyu wata hidima ta kai ni Sharaɗa. Na bi layin nan na kamfanoni, get bayan get a garƙame. Wani an mai da shi siton kayan da aka shigo da su daga waje, wani ciyawa ta cinye harabarsa, mai gadi ɗaya tal yana kan benci yana jin rediyo.

Tsakanin wuraren nan biyu bai fi tafiyar awa ɗaya ba. A can amfanin gona yana ruɓewa don babu mai sarrafa shi, a nan kuma injinan sarrafawa sun yi tsatsa.

Da na kawo maganar a majalisarmu na ce birnin Kano ja da baya yake yi, wani abokina har da tafa hannu. Ya ce, "Haba Malam, wace irin ja da baya? Ba ka ga gadojin sama ba? Gari ya haɗe da Kumbotso, ya haɗe da Ungogo, fili ya gagari talaka, sannan ka ce ja da baya?" In dai yawan mutane ne, ya fi ni gaskiya. A Amurka idan ana maganar birnin da ya durƙushe, Detroit ake nunawa: mutum wajen miliyan 1.8 a 1950, zuwa 2020 ba su kai 650,000 ba, har hukumar birnin ta je kotu a 2013 ta ce ta tsiyace. Can idan kamfani ya rufe, mutane tattara kaya suke yi su bar garin. Mu a nan kamfani yana rufewa mutane suna ƙara shigowa, domin ƙauyen da suka baro ya fi birnin zafi. Shi ya sa ba ma ganin abin. To ni abin da nake aunawa da shi shi ne, me garin yake yi da hannunsa wanda wasu za su zo su saya?

Kafin in zo kan Kano bari mu leƙa Katsina, don a nan ƙasar Hausa an taɓa yin irin ta Detroit sak.

A ƙarni na 18 Katsina ce uwar kasuwa. Ayarin da ya keto Sahara daga Tarabulus ta Gat da Agadas a can yake sauke kaya, malamai da attajirai a can suke. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya shiga Katsina a farkon 1851. Ya tarar da ganuwa mai zagayen mil goma sha uku ko fiye, amma cikinta yawanci kangaye ne da gonaki. Ya ƙiyasta mutanen da suka rage ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, a garin da yake ganin ya taɓa ɗaukar mutum 100,000. Ba annoba ce ta cinye su ba. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, gidan sarautar da aka kora ya koma arewa ya kafu a Maraɗi, Gobirawa kuma daga baya suka kafu a Tsibiri, aka shiga shekaru ana kai hari ana ramawa. Hanya ta daina aminci. Shi kuwa ɗan kasuwa ba ya jayayya da kowa, raƙumansa kawai yake juyawa. Larabawan Gadamas da sauran manyan fatake suka gangaro Kano. Unguwar Dandalin Turawa da ke cikin birni, Turawan da ake nufi Larabawan nan ne.

Barth ɗin yana barin Katsina ya shigo Kano, ya ce mazauna garin za su kai 30,000, lokacin zuwan fatake kuma su ninka. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya lissafa cewa kayan saƙa da rini da Kano take fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 aƙalla, ana kai su Murzuk da Gat da Tarabulus da Tumbuktu, har gaɓar Tekun Atilantika.

A nan ne mu mutanen Kura muke shigowa labarin, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Yawancin kayan nan ba a cikin ganuwa ake yin su ba. Manomi a ƙauye ya shuka auduga, ya shuka baba a gefen gona. Mata a cikin gida su gurje audugar, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa sawaye sirara, maɗinki ya harhaɗa su. Daga nan sai karofi: a tsoma, a fitar, iska ta bugi zane ya juya daga kore zuwa shuɗi, a sake tsomawa, har sai ya yi baƙi wuluk. Sannan a kai wa mabuga, su barbaɗa shuni su yi ta dukansa a kan gungume har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Wannan shi ne turkuɗi, shi ne rawani ɗan Kura, wanda Buzu ba ya jin ya cika mutum sai ya naɗa shi, shunin yana zuba a fuskarsa yana alfahari da hakan. Sunan ƙaramin garinmu ya zama sunan haja daga Azbin har ƙasar Mali. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, a kan wannan sana'a ya yi digirinsa na uku, kuma ya nuna yadda marinan ƙasar Kano suka bar rini a tukwane suka koma haƙa manyan ramuka suna dalaye su da laso, wato katsin da ya kwanta a gindin karofi a ƙona shi a kwaɓa da gashi da dafara. Ramin ya fi tukunya girma nesa ba kusa ba, ya fi ta daɗewa, don haka rinin ya yi araha. Dabara ce ta gida, babu wanda ya kawo mana ita a jirgi. Ko a labarin Bayajida da aka raba wa Hausa Bakwai aiki, Kano da Rano ai su ne sarakunan baba, Bunkure kuwa ga ta nan a bakin Rano.

Ba ina cewa zamanin aljanna ba ne. Da yawa daga cikin audugar nan bayi ne suka noma ta a rinji, wannan kada mu ɓoye. Amma ku lura da abu ɗaya. Zane guda kafin ya isa Kasuwar Kurmi ya bi ta hannu shida ko bakwai, kowane hannu ya ci abinci a kansa, kuma duk hannayen a ƙasar Kano suke. Sarki ma a nan yake ci: akwai kuɗin ƙasa, akwai kuɗin karofi a kan kowane ramin rini, akwai kuɗin rafi a kan mai noman lambu. Idan karofi ya mutu baitulmali ya ji a jikinsa. Don haka tun daga zamanin Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, tsaron hanya da jawo masu sana'a su zo su zauna ba alheri ba ne sarki yake yi wa talaka, cikinsa yake karewa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903. Hanyar Sahara dama ta fara rauni, Faransa ta kama Damagaram, Italiya ta faɗa wa Tarabulus a 1911. A ka'ida Kano ta kama hanyar bin sahun Katsina ke nan. Abin da ya cece ta shi ne layin dogo, wanda ya iso a 1911 aka buɗe shi a 1912. Hanyar arewa ta toshe, ta kudu ta buɗe. Turawa auduga suka so a noma musu don masaƙun Ingila, manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Daga nan aka samu su Alhassan Ɗantata da dalar gyaɗa da muke sawa a kalanda muna taƙama.

Ni fa dalar gyaɗar nan ban cika yi mata kallon da ake yi mata ba. Buhuna ne aka tara suna jiran jirgin ƙasa ya kai su Legas, a matse man a Turai. Garin da yake sayar wa duniya ƙerarren kaya ya koma mai tara ɗanye. Jirgin da ya tafi da gyaɗa kuma shi yake dawowa da yadin Manchester, ga shunin kanti da Jamusawa suka fara haɗawa tun 1897 yana bin baya. Hukumar sayen amfanin gona ita take yanke farashi, ta biya manomi ƙasa da abin da ta sayar a waje ta riƙe ragowar. Adalcin da zan yi shi ne, gwamnatin Sardauna ta zuba wani kaso na ragowar nan a abin da ake gani, kamar masaƙar Kaduna ta 1957. Kuma har lokacin gwamnati tana buƙatar manomi, don in gyaɗa ba ta yi ba babu albashi.

Sai shekarun 1970 suka zo da abu uku kusan lokaci guda. Farin 1973 ya ƙone amfani, ya kuma kashe dabbobin Buzaye, wanda ya rasa raƙumansa kuwa ba ya sayen turkuɗi. Cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da fari ya bari. Na uku, kuɗin man fetur ya ɓarke.

A tsakiyar wannan ne Audu Bako, gwamnan Kano na farko daga 1967 zuwa 1975, ya yi abin da har yau muke ci. Ya gina Bagauda, ya gina Tiga aka gama a 1974, aka fara gwajin noman rani a Kadawa. Ruwa ya taso daga Tiga ya gangaro da ƙafarsa ta kanal, babu inji babu mai, ya ratsa Bunkure da Garun Malam da Kura. Kashin farko an tsara shi a kan hekta 22,000. An tashi ƙauyuka kafin tafkin ya cika, waɗannan mutane ba a cika tunawa da su ba. Daga 1976 aikin ya koma hannun gwamnatin tarayya ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. A daidai lokacin Bompai ta cika, aka buɗe Sharaɗa da Chalawa: masaƙu, majemu, kamfanonin matsar mai, na alewa, na roba, na kwanuka, na attajiranmu da na Kwara. Kano ta zama ta biyu bayan Legas a masana'antu. Wanda ya girma a lokacin zai tuna jiniyar canjin aiki da ayarin kekuna da asuba.

In ka dubi taswira sai ka ce an gama haɗa komai, ga ruwa da gona a kudu, ga inji a birni. Amma ba a ɗaura su da juna ba. Kuɗin mai ya sa naira ta yi ƙarfi, kayan waje suka fi na gida araha, sai mai kamfani ya ga ya fi masa sauƙi ya nemi lasin shigo da kaya a Legas da ya zo Kura neman manomi. Da yawa daga kamfanonin nan ɗanyen kayansu da kayan gyaran injinsu duk daga waje suke zuwa. Da farashin mai ya faɗi, Shagari ya kawo tsuke bakin aljihu a 1982, Babangida ya kawo SAP a 1986. Dalar da ake saya wajen naira ɗaya ta koma wajen naira huɗu cikin 'yan watanni, kuma ba ta sake waiwayowa ba. A shekarar aka rushe hukumomin sayen amfanin gona ba tare da an sa wani abu a gurbinsu ba, auduga ta rasa mai kula da irinta da ingancinta.

Sauran kun san shi. Wuta ta zama sai an gani, kowane kamfani ya koma janareto da baƙin mai. Jirgin ƙasa ya tsaya, alhali tsakaninmu da teku sama da kilomita 1,000 ne, komai sai a bayan tirela. A 1997 aka ɗage takunkumin shigo da yadi, da aka mayar da shi kuma fasa-ƙwauri ta Maraɗi da Damagaram ya riga ya zama sana'a. Atamfa da shadda na Sin suka cika Kantin Kwari. Babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007. A 2015 marinan Kano sai da suka yi tattaki zuwa fadar sarki suna kukan kayan Sin sun kashe musu kasuwa. Ga rikici: Maitatsine a Disamban 1980, tarzomar 1991, harin 20 ga Janairun 2012. Duk lokacin da aka yi ɗaya, wasu masu jari sai su yi irin ta fataken Katsina, su juya raƙumansu ba sallama.

Yanzu bari in dawo kan abin da na ce ku riƙe. A ganina babban ciwon na siyasa ne, kuma ba na wata jam'iyya ɗaya ba. Tun da mai ya zama shi ne abinci, gwamna ba ya cin gumin marini ko manomi ko mai kamfani. Kaso yake jira daga Abuja duk ƙarshen wata. Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, kuma wallahi ya kyauta, iyayenmu sun sha wuyar harajin nan, an ɗaure mutane a rana a kansa. Sai dai ya iya sokewa ne don baitulmali ya daina dogara da shi. Daga ranar da hukuma ta daina buƙatar kuɗin talaka, sai ta rage buƙatar sana'arsa, ƙuri'arsa kawai take nema duk bayan shekara huɗu. Kamfani ɗari su rufe a Sharaɗa, kason wata bai ragu da sisi ba. To me zai tayar wa mai mulki hankali? Gada ana ganinta a hoto. Yashe kanal ba ya hoto. Wannan ya gina wancan ya zo ya rushe ko ya yi watsi da shi, ana ta shari'ar masarautu, yau biyar gobe ɗaya.

Mu da muke bakin kanal mun fi kowa sanin yadda manufar gwamnati take juyawa kamar iskar bazara. A 1987 aka hana shigo da alkama, aka ce Kadawa za ta ciyar da gidajen burodin ƙasa. Mutane suka zuba jari, farkon shekarun 1990 aka ɗage hanin, alkamar waje ta dawo. A 2016 Ɗangote ya buɗe kamfanin tumatir a Kadawa mai iya cin tan 1,200 a rana, muka ce an zo wurin. A shekarar tsutsar nan da aka yi wa laƙabi da Ebolar tumatir ta share gonaki. Daga baya kuma ga rigimar farashi: idan kasuwa ta yi tsada manomi ya kai kwandonsa kasuwa, idan ta faɗi kowa ya nufo kamfani, ga markaɗaɗɗen tumatirin Sin yana shigowa da araha. Aka yi ta buɗewa ana rufewa. A wannan laifin har da mu manoma, mu ma ba ma riƙe alkawari idan farashi ya motsa.

Shinkafa ce kaɗai ta ɗan nuna abin da zai yiwu. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, ku tuna yadda Kura ta koma. Injinan casa ba sa hutawa, mata masu turara shanshera suna samun na kansu, masu dako, masu ɗinkin buhu, masu sayar da ƙaiƙayi, manyan injina suka tashi a gefen birni. Karo na farko a rayuwata na ga abin da ya yi kama da labarin turkuɗi, kaya ɗaya hannu da yawa, duk a ƙasar Kano. Sai aka cire tallafin mai a Mayun 2023, taki da sufuri suka yi sama. A 2024 yunwa ta kai mutanen birni kan titi a watan Agusta, gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci ba haraji na wani lokaci. Ban ga laifin mai jin yunwa ba, ni ma sayen shinkafar nake yi. Amma shanshera ta faɗi, taki bai faɗi ba, kuma wanda ya ci bashi ya noma shi aka bari da lissafi.

An yi gyaran kanal da kuɗin Bankin Duniya a 'yan shekarun nan, ruwa ya isa wuraren da ya daɗe bai je ba, wannan gaskiya ne. Ruwan Tigan nan dai shi birni yake sha ta Tamburawa, shi mutanen Haɗeja da Nguru suke jira a ƙasa, inda kacalla ta toshe musu hanyoyin ruwa. Ana kuma ta maganar bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2020. In ya iso, tambayata ita ce wane kamfani zai kunna, kuma ɗanyen kayan wa zai saya, namu ko na cikin kwantena?

Kakana marini ne. Har ya rasu shuni bai bar farcensa ba, muna yara muna tsokanarsa wai bai iya wanke hannu ba. Karofin da ya yi aiki a ciki yanzu rabi an cike shi da shara, rabi an yi gini a kai. Ƙanen nan nawa da muka je Kwanar Gafan, a mota muna dawowa ya ce mini, "Yaya, ni fa na gaji. Jinginar da gonar nan zan yi in karɓi adaidaita sahu in shigo birni." Gona ce a bakin kanal, ruwa rani da damina, irin wadda mutanen wasu jihohi suke mafarki. Na ce masa adaidaitar da ke birni ai sun fi fasinja yawa. Ya ce ya sani, amma ko ba komai balas kullum ake lissafa shi, ba sai bayan wata uku a zo a ce maka kwando bai mayar da kuɗin ɗiba ba. Na ce ya bari a kwashe tumatirin nan tukuna mu zauna da Baba. Ya ce to.

Jiya da daddare ya sake kira, wai ya samu wanda zai karɓi jinginar, shekara uku.